Sunan Ɗan Fari

Lai'atu na tsame allurai daga tukunyar ruwan zafi ta ji tarin. Tun da ƙyanda ta shigo ƙasar Bouza a wannan bazarar ta san irinsa, tarin nan da ke sauka a ƙirjin yaro bayan ƙuraje sun bushe. Ta ajiye cokali ta leƙa waje.

Benci ɗaya ne a likitar garin, wato ɗan asibitinsu, yana cikin inuwar baranda, kuma na iyalan ma'aikata ne da manyan 'yan kasuwa masu gaisawa da Majo, shugaban likitar. Manoman ƙauye da Fulani da Bugaje kuwa ƙasa ce bencinsu, rana ce rumfarsu. Ba wanda ya kafa wannan doka da baki, ba kuma wanda ya taɓa karya ta. An sauke tutar Faransa an ɗaga sabuwa, amma inuwar nan ko motsi ba ta yi ba. Lai'atu ta koyi jinya ne a asibitin mishan kafin aure ya kawo ta nan, kuma har yau abin bai daina ɓata mata rai ba.

Mai tarin yaro ne da bai wuce yaye ba, yana kwance a cinyar wani dattijo Bafillace. Can gefe wata matashiya ta zauna ta juya musu baya, tana kallon jakinsu kamar ita da jakin suka zo. Lai'atu ta tsuguna ta taɓa yaron. Jikinsa zafi zau, haƙarƙarinsa na lotsawa da kowane numfashi.

"Baba, daga ina?"

"Daga bayan Tama, ɗiyata. Sunana Halidu. Jikana ne. Waccan Biba ce, matar ɗana."

Lai'atu ta dubi Biba, ta ga yadda ta danƙe gefen zanenta har jijiyoyin hannunta sun tashi. Ta gane. Ɗan fari ne. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane, balle a gaban suruki. Ita kanta Lai'atu da take Kirista, uwarta ba ta taɓa kiran sunan yayanta ba har ta koma ga Ubangiji.

Ta shiga ta sami Majo yana duba ɗan akawun haraji, wani ƙaton yaro mai maruru a gwiwa yana tauna ƙuli-ƙuli. Uwarsa na zaune a kujera tana fifita.

"Majo, akwai yaro waje, ƙirji ya kama shi. In bai samu penisilin ba yau, ba shi kai jibi."

Majo ya dubi kabad. Kwalba ɗaya ta rage, su biyun sun sani, motar magani kuwa sai wani watan. Ya yi tsaki ya ce a shigo da su.

Suka shigo, dattijon na rungume da yaron, Biba ta raɓe a bakin ƙofa.

"Ke ce uwarshi?"

Biba ta sunkuyar da kai.

"Mi ne ne sunanshi?"

Dattijon ya buɗe baki, Majo ya ɗaga masa hannu. "Ba kai na tambaya ba, tsoho. Uwa nike tambaya." Ya jira kaɗan, sannan ya juya ga matar akawun yana murmushi. "Kin gani, Madam? Mutanen daji ke nan. Ko kallon ɗan ba ta yi. Da saniya ce ba lahiya da kin ji kuka. Sai in ɗauki maganin gwamnati in zuba ma ɗan da uwarshi ba ta so?"

Matar akawun ta yi dariya a bayan mafici. Lai'atu ta ji kamar ta tofar da yawu.

"Majo," ta ce a hankali, "ɗan fari ne. Kunya ce."

Ya matso kusa da ita yadda ba mai ji sai ita. "Ke za ki gaya mani? Ni ma ɗan fari ne. Amma gobe in na je biro, ofishin gwamnati, neman kayan aiki, uban wanga mai maruru zan tarar, ba makiyayi ba."

Ashe ya sani. Da jahilci ne da ta iya yi masa bayani, to wannan fa? Ya zaɓi tambayar da ya san ba za a amsa ba ne don a ce uwa ce ta ƙi. Ƙyamarsa ta cika ta har ta kasa duban farar rigarsa.

Ta ja Biba zuwa baranda, dattijon ya biyo su da yaron. 'Yan benci suka zubo ido.

"Ƙanwata, ki hwaɗi sunan. Ya ce don ba ki hwaɗi ba ne. Ki hwaɗi da ƙarfi kowa shi ji, mu ga abin da zai ce kuma."

Biba ta girgiza kai, ta saci kallon surukinta. Yaron ya sake tari, wannan karon har leɓensa ya canza launi. Dattijo Halidu ya dube ta, ya dubi jikansa, sai ya ajiye yaron a ƙasa gabanta, ya juya fuskarsa ga bango kamar mai duba wani abu a jikin siminti.

"Isaka," in ji Biba. Muryar ba ta fita ba. Ta sunkuya ta ɗauki ɗanta a gaban jama'a, hawaye na zuba, ta ɗaga murya har jakin ya ɗago kai. "Isaka ne! Ɗana ne, sunanshi Isaka!"

Daga ciki aka ji ɗan akawun ya tsala ihu. Jim kaɗan Majo ya fito yana goge hannu, ya miƙa wa Lai'atu allurar da babu komai a cikinta.

"A tafasa wagga. Su kuma ki ba su asfirin, ki ce su kai shi mishan."

Mishan kwana biyu ce a kan jaki. Lai'atu ta tsaya da allurar a hannu, ta rasa ta inda za ta fara. Biba ba ta ji abin da Majo ya ce ba, allurar kawai ta gani. Ta matso da sauri, ta yaye tsumman da ke jikin yaron, ta juyo da 'yar cinyarsa wajen Lai'atu ta riƙe shi gam.

"Na hwaɗi, yaya," ta ce. "Yi mashi."