Wankin Tankin Goggo

Ilu yana tsugune a ƙarƙashin fiffiken jirgin feshi, yana ɗaure bakin tiyo, sai ya ji ƙarar babur daga hanyar Gumel. Yayansa ne Ɗantsoho, wani malamin gona ya goyo shi, hularsa a hannu.

"Wuta, Ilu! Tun hantsi ta taso daga burtalin Sule Tankarkar. Ta cinye gona biyar, iska na koro ta wajen ƙauyenmu."

Ilu ya miƙe ya dubi yamma, wajen ƙauyensu. Hayaƙi ya tokare sama, baƙi daga ƙasa, fari daga bisa. Daminar bana ce ta farko da ta yi kyau tun bayan fari, ciyawa ta yi tsayin mutum ta bushe ƙayau.

Shekara tara ke nan yana aiki da wannan ɗan kamfanin feshi. Da jirgi ɗaya aka fara, mai fiffike biyu a kowane gefe, wanda leburori suka laƙa wa suna Goggo saboda tsufa da yawan tari da safe. Daga baya aka sayo Dogo, wanda ya kife a tudun rairayi kusa da Maigatari a shekarar fari. Matuƙin ya fito da ƙafarsa, jirgin bai sake tashi ba, kayan jikinsa ake cira ana lallaɓa Goggo. Ta ukun, Sabuwa, tana Kano ana gyara mata inji. Aikinsu feshin tsuntsayen jan-baki ne da fara. Gobarar daji sau biyu kacal aka taɓa kiransu, duk da an rubuta ta a allon ƙofa.

Matuƙin Goggo, Kyaftin Halliru, ya fito daga rumfa yana ɓalla maɓallin riga. "Na ji. Ilu, ɗura mata ruwa. Minti ashirin na tashi."

Ilu bai motsa ba. "Ranka ya daɗe, maganin tsuntsu ne a cikinta jiya. Ba a wanke ba."

"Wankin zai ci lokaci nawa?"

"Soda, sannan ɗauraya uku. Ya fi awa."

Ɗantsoho ya matso har numfashinsa na dukan fuskar ƙanensa. "Wane irin wanki ana gobara? Geron Inna yana gonar gabas, dami tamanin a jibge, ba mu kai rumbu ba. Ita wutar za ta fara samu. Shekara uku muna cin na taimako, Ilu!"

"Na sani, Yaya."

"To me kake jira?"

Ilu ya rasa yadda zai faɗa a gajarce. Shi yake bin bayan feshi washegari. Ya sha ganin shirwa da kyanwar daji a miƙe kusa da tsuntsayen da suka ci. Ya taɓa ganin awaki bakwai na wani makiyayi da suka sha a kududdufin da iska ta kai wa feshi, bakinsu duk kumfa.

"Duk hatsin da ruwan nan ya sauka a kai, yara ne za su sha kununsa," in ji shi. "Kuma rijiyarmu ba ta da murfi."

"Ɗan abin da ya rage a gindin tanki?" in ji Ɗantsoho.

"Ban san yawansa ba. Abin da ya sa nake tsoro ke nan."

Kyaftin ya dubi hayaƙin, ya dubi agogo, sannan ya dubi Ilu. "Tuƙi nawa ne, tanki naka. In ka ce in tashi, yanzu na tashi."

Ilu ya so a ce umarni aka ba shi. Ya ga mahaifiyarsa a ransa, yadda ta rinƙa shafa zangarniya a watan jiya tana dariya ita kaɗai. Ya cire riga, ya ɗaura ƙyalle a hanci, ya hau fiffike ya buɗe murfin tanki.

Ɗantsoho ya juya masa baya. Can sai ya ɗauki bokiti ya shiga miƙo ruwa daga tankar kamfani. Suka wanke, suka zubar a ramin da aka haƙa don haka. Bayan ɗauraya ta biyu Ɗantsoho ya ce, "Don Allah ya isa." Ilu ya cusa kai cikin tankin ya shaƙa. Warin yana nan, kaɗan. Ya miƙa hannu a ba shi wani bokitin.

Azahar ta gota kafin Goggo ta yi tarinta ta ɗaga. Sawu huɗu Kyaftin ya yi, yana jiƙa ciyawar da ke tsakanin gonaki da dangar ƙauyen, mutane a ƙasa suna bugun abin da ya tsallake da ɗanyen ganye. A sawu na huɗu ya sauko fuskarsa baƙi ƙirin.

"Wutar ta tsaya a bakin gari. Ba gidan da ya kama, rumbuna ma lafiya." Ya share fuska da hannu. "Gonakin gabas kuwa, kafin na isa ta wuce su."

Ɗantsoho ya ajiye bokitin ya kama hanya a ƙasa, bai yi sallama ba.

Rana ta yi ja lokacin da Ilu ya isa gonar a kan keke. Ƙasa na ɗumi har ta cikin takalmi. Inna Larai tana durƙushe a inda aka jibge damman, tana tona toka da kara, tana zaro zangarniyar da wuta ta lasa ba ta cinye ba. Daga nan ana iya ganin inda baƙin ya ƙare, da ciyawar da ke jiƙe.

Ya gaishe ta. Ta amsa ba ta ɗago ba.

"An ce kai ka riƙe jirgin."

"Ni ne, Inna."

Ta murza zangarniya ɗaya a tafin hannu, ta hure toka, ta duba ƙwayar.

"Wannan da nake tsinta, ana iya ba yara?"

"Ana iya ba su."

Ta tura masa faifan da take tarawa a ciki da gwiwar hannu. "To tsuguna, kafin duhu ya yi."