Kaburburan Tudun Vavra

Masara ta fi mutum tsawo a watan da Marlys ta zo gidana. Ta tsaya a bakin ƙofa, mace ce doguwa mai furfura, shekarunta za su haura sittin, ta ce matan shagon kofi ne suka kwatanta mata ni.

"Ke ce Verna Hrabik? An ce ke kike kula da maƙabartar coci."

"Mu uku ne, amma sauran biyun gwiwa ta hana su fita. Shigo."

Ta waiwaya ta dubi motarta, ta ce mahaifiyarta tana ciki. Na leƙa ban ga kowa ba, sai wani ɗan akwati na katako a kujerar gaba. Tokar gawar ce. Tsohuwar ta rasu a Oregon da sanyin da ya wuce, aka ƙone ta kamar yadda mutanen birni suke yi yanzu.

Na zuba mata kofi, ta ba ni labari. Mahaifiyarta ita ce Bessie Vavra, 'yar wannan gundumar. Ta bar gida tana budurwa, ba ta sake takowa Nebraska ba har ta mutu, kuma ba ta taɓa gaya wa 'yarta dalili ba. Sai da ciwo ya ci ƙarfinta ta fara maimaita magana ɗaya: a kai ta kan tudu, a ajiye ta kusa da Babi Anezka da yaran. Babi muke ce wa kaka a yaren Cek.

Marlys ta yi wata da watanni tana bin sawun danginta. Ta gano cewa Matej Vavra da matarsa Anezka sun taso daga Bohemiya, ƙasar Cek, a jirgin ruwa da 'ya'ya biyar, suka kama fili a nan tun ana gina ɗaki da ƙasa da ciyawa. A wani sanyi mashaƙo ya shiga gidan ya ɗauke yara huɗu, ya bar namiji ɗaya, Anton. Shi ne ya girma ya haifi Bessie da ƙanenta Lumir. Abin da ta kasa samu shi ne inda aka binne yaran da uwarsu.

Muka tafi maƙabartar coci muka bi ta layi-layi. Ga Matej, ga Anton da matarsa, babu Anezka, babu yaro ko ɗaya. Ni dama na san ba za mu gan su ba, shekaru nake yankan ciyawar wurin.

"Ta ce kan tudu," in ji Marlys. "Nan kuwa shimfiɗe yake kamar tebur."

Na ce mata a gonar Vavra akwai wurin da ake kira tudu, amma tun da na yi wayo masara kawai nake gani a kansa. Yanzu Duane ne yake noma shi, ɗan Lumir.

Mun iske Duane a ƙarƙashin injin girbi, ƙafafunsa kawai ake gani. Ya fito yana goge hannu da tsumma, mutum mai jan wuya da ƙaton ciki. Ajinmu ɗaya da yayarsa a makaranta, saboda haka ba ya iya yi mini rashin kunya.

"Verna, in kuɗin fentin coci ne, na bayar."

"Ba ka bayar ba, amma ba shi ya kawo ni ba. Ga 'yar'uwarka, 'yar Bessie."

"Wace Bessie?"

"Yayar babanka mana."

Ya kalli Marlys daga sama har ƙasa, bai miƙa mata hannu ba. Ya ce ya taɓa jin an ambaci sunan. Da ta yi masa bayanin abin da ke tafe da ita, sai ya yi wata 'yar dariya.

"Kaburbura? Baiwar Allah, shekara arba'in ina shuka a wurin nan. Da akwai kabari da garmata ta gaya mini."

"Ba wani abu nake nema a wurinka ba. Rami ne kawai, bai fi na shuka bishiya ba."

"Haka kowa yake farawa. In sun ji an yi rasuwa sai su tuna suna da dangi a ƙauye."

"Duane," na ce, "uwarta tana cikin mota."

Ya koma ƙarƙashin injinsa. Matarsa Connie ce ta biyo mu har mota da kolace a takarda, burodinmu mai zaƙi, da ɗuminsa. Ta rage murya ta ce mu je mu ga surukinta Lumir a gidan tsofaffi, amma da safe, lokacin ne hankalinsa yake dawowa.

Washegari muka je. Lumir ya haura casa'in, an zaunar da shi a kujera mai taya kusa da taga, an rufe masa ƙafafu da bargo. Ni bai gane ni ba. Yana ganin Marlys ya ɗago kai.

"Bessie. Kin huce?"

Marlys ta dube ni. Na yi mata alama ta zauna. Ta ja kujera ta ce, "Kawu, ni 'yarta ce."

Bai ji ba, ko kuma bai so ya ji ba. Ya kama hannunta ya ci gaba da magana, rabi da Turanci rabi da Cek. Inda ya koma Cek ni nake fassara mata da ɗan abin da na tsinta a bakin iyayena.

"Ba ni na ce a yi ba. Kin san Baba. Cewa ya yi in hau tarakta, na hau. Shekarata nawa a lokacin? Ko gemu ban fara ba."

"Me aka yi, Kawu?"

"Kwazazzabon nan yana cin gonar, duk ruwan da aka yi sai ya ɗebi ƙasa. Baba ya ce duwatsu ake so a toshe shi. Na ce a ina za mu sami duwatsu a ƙasar nan? Ya nuna tudu."

Ya ce sarƙa suka ɗaura wa duwatsun kabarin, ɗaya bayan ɗaya. Na yaran ba su yi gardama ba, ƙanana ne. Na Babi ne ya kafe, sai da tarakta ta ɗaga ƙafafun gaba. Nan ne Bessie ta taho a guje daga gida, hannunta duk kwaɓin fulawa, ta kwanta a ƙasa a gaban taya.

"Da gashi ya ja ki. Ina gani. Har bakin shinge ya ja ki, ni kuma ina zaune injin yana ƙara, ban sauko ba."

Marlys ta matso kusa da shi. Ta tambaye shi a hankali, ta yaya mutum zai tumɓuke kabarin uwarsa da na 'yan'uwansa don toshe rami.

Tsohon ya gyara bargon. Sannan ya ce ya taɓa tambaya sau ɗaya, ran da uban ya sha giya da yawa. Anton ya gaya masa cewa tun daga sanyin da yaran suka mutu, uwarsa ba ta sake kallonsa a ido ba. Kullum tana kan tudu, tana cire ciyawa, tana yi wa matattu hira. Ta kan kai musu abinci ranar haihuwarsu, shi kuwa tasa ranar ba ta tunawa. Wata rana yana yaro ya ji ta tana tambayar Allah me ya sa wannan ne aka bari.

"Ya ce shekara hamsin yana zagaye tudun nan da garma. Ya ce ya isa."

Daga nan hankalinsa ya fara zamewa. Ya tambayi ko an ba aladu abinci, ya tambayi ko Bessie ta zo da jirgin ƙasa ne. Da za mu tafi ya riƙe gefen rigarta ya ce kada ta bari Baba ya san ta zo.

A mota Marlys ta zauna ba ta kunna ba.

"Ke nan ta sani," ta ce. "Ta san babu komai a wurin. To me ya sa ta aiko ni?"

Na ce wataƙila ciwon ya mantar da ita, ta koma lokacin da tudun yana nan. Ta ce ko kuma ta kasa faɗa da bakinta ne, ta turo ta ta gani da idonta. Babu wanda zai raba mana wannan gardamar, muka bar ta.

Ba mu nemi izinin kowa ba muka bi hanyar bayan gona zuwa kwazazzabon. Wurin ya zama juji tun da daɗewa: tsofaffin tayoyi, wayar shinge, firji ba ƙofa, gwangwanayen maganin ciyawa. Muka sauka muna dafa juna. A can ƙasa, cikin laka da saiwar bishiya, ga fararen duwatsu masu kusurwa, duk a kife. Muka kama ɗaya mu biyu, ko motsi bai yi ba.

Muna cikin haka muka ji akori-kurar Duane ta tsaya a sama.

"Verna, so kike ki karya ƙugu a gonata a ce ni ne?"

"Sauko da ƙarfen nan na bayan motarka."

Ya tsaya yana kallonmu, sannan ya ɗauko dogon ƙarfen ya sauko yana haki. Ya cusa shi ƙarƙashin ƙaramin dutsen, ya danna, dutsen ya juya. Marlys ta durƙusa ta goge lakar da tafin hannunta. An sassaƙa ɗan rago a sama, kansa ya gutsure. A ƙasa an rubuta Ruzenka Vavrova, shekara uku. Haka ake rubuta sunan Vavra a Cek in mace ce.

Duane ya zauna a kan wata taya.

"A nan muke wasa muna yara," ya ce. "An ce mana ginshiƙin tsohon rumbu ne."

"Ka yarda?" in ji Marlys.

"Ban taɓa juya ko ɗaya ba."

Ya juya wasu biyu. Ɗaya ya farfashe ba a karanta komai, ɗayan rabin suna ne kawai ya rage. Na Anezka ba mu gan shi ba, yana can ƙasa, ko ruwa ya daɗe da binne shi.

Marlys ta miƙe ta ce duwatsun ba su dame ta ba yanzu. Ya nuna mata daidai inda kan tudun yake, ta haƙa da kanta, ko cikin masarar ne. Duane ya cire hula ya sosa kai, ya ƙi kallonta.

"Babu kan tudu. Shekarar da muka sa injin ban-ruwa, tayoyinsa ba sa iya hawa. Muka kira katafila ta aske saman, ta baje ƙasar cikin gonar."

"Ƙasar da suke ciki?"

"Direban ya tsaya ya kira Baba, ya ce yana ganin wasu abubuwa. Ina wurin. Baba ya duba ya ce ƙasusuwan maruƙa ne, ya ci gaba."

Marlys ta hau sama ita kaɗai, ba ta yarda na taimaka mata ba. Ta tsaya a bakin gonar tana kallon masara, kore shar har inda ido ya tsaya, injin ban-ruwan yana tafiya a hankali yana fesawa. Ta daɗe a haka. Ba ta yi kuka ba a gabanmu.

Na kai ta wurin Fada, limamin cocinmu, ya ce akwai gurbi ɗaya da ya rage a filin dangin Vavra, kuma ba zai hana ba. Gurbin yana jikin kabarin Anton. Marlys ta ce gara ta bar uwarta a kan tebur a ɗakinta da ta kwantar da ita kusa da mutumin nan. Ta kwana a gidana, da safe ta kama hanyar Oregon.

Bayan girbi Duane ya ɗauko duwatsu ukun a akori-kura, ya jingine su a shingen maƙabartar coci, bai gaya wa kowa ba. Kwamitinmu na coci ya zauna a kai. Wasu suka ce ba a kafa dutse inda babu gawa, wasu suka ce a bari sai bazara. Har yau suna jingine a wurin.

Lumir ya rasu a tsakiyar sanyi. Shi aka saka a gurbin da ya rage. Na kira Marlys na gaya mata, ta yi godiya, ta ce ba za ta sami zuwa ba.

A wurin cin abincin bayan jana'iza Duane ya zo ya zauna kusa da ni da farantinsa, bai ci ba. Ya ce ɗansa ya ce ba zai yi noma ba, saboda haka baɗi ko shekarar da ke biye haya zai ba wani kamfani gonar gaba ɗaya.

"Marlys ta ce wani abu a kaina?"

"Ba ta ambace ka ba."

Ya juya cokali a cikin kabeji.

"Sauran yaran ukun, ta san sunayensu?"

"Ta sani."

Ya ce in ba shi lambarta. Na ba shi. Ban tambaye shi ko ya kira ba, shi ma bai sake tayar mini da maganar ba.