Kwalta a Ƙofar Shagon Baba

Har yau idan na tuna yadda aka yanke shawarar shimfiɗa kwalta a filin ajiye motoci na shagonmu, sai in ji zuciyata tana tafasa. Shagon gadaje da katifu ne. Baba ya kafa shi tun kafin a haife ni, shi ne kuma ya zuba tsakuwa a filin da ke gaba. Yanzu ni ke kula da ciniki, Yayana yana kula da sayo kaya da kuma yawan magana.

Baba ya makance shekarun baya, ciwon suga ne ya cinye masa idanu a hankali. Amma bai taɓa yarda ya zauna a gida ba. Kullum da safe nakan ɗauko shi a mota, in zaunar da shi a kujerarsa a gefen ƙofa, ƙarƙashin rumfa, da baƙin tabarau, sandarsa jingine da bango. Shagonmu a bakin babban titi yake, ƙarar motoci ta haɗe ta zama guda, ba ka bambance ta wane da ta wane. A cikin wannan hayaniyar, tsakuwa ce kaɗai ke gaya wa Baba wanda ya zo wurinmu. Da taya ta sauko daga titi ta taka ta, sai ka ga ya gyara zama.

"Lale da mai masauki!" zai ce wa matar nan mai gidan saukar baƙi da ke sayen katifu a wurinmu, tun ba ta fito daga mota ba. "Katifun nan ba su lotsa ba dai ko?"

Ya gane ta ne da yadda take taka burki kamar tana fushi da motar. Ya san malamin makarantar nan mai jan ƙafar hagu. Wanda bai sani ba ma sai ya ce, "Sannu da zuwa, shigo, 'yata tana ciki." Mutane su tsaya, a gaisa, a tambayi iyali, a yi dariya. Aikin da ya rage masa ke nan a shagon da ya gina, kuma yana yin sa da gaske.

Sai ga Yaya wata rana da ɗan kwangila, wani mai sheƙin takalmi, ɗauke da samfura a kwali. Muna kiran Yaya Injiniya a gida, don tun yana yaro ba abin da ya taɓa kwancewa ya mayar daidai. Suka baje kaya a teburin ofis: gutsuren kwalta, ɗan faifan kankare, da bulon intalok ja da toka.

Ɗan kwangila ya yi bayaninsa. Kankare yana daɗewa amma yana tsagewa, kuma sai an rufe filin har ya bushe. Intalok yana da kyan gani, sai dai ciyawa tana fitowa a tsakani, babbar motar kaya kuma tana lotsa shi. Kwalta ce mai sauri, sumul, ga ta shiru.

"Kin ji ko?" in ji Yaya. "Shiru. Ba wannan ƙaras-ƙaras ɗin da ke cika wa mutum kunne ba."

"Yaya, wannan ƙaras-ƙaras ɗin shi ne idon Baba."

"Don Allah kar ki fara. Ƙura tana hawa fararen katifu, kin sani. Tsakuwa tana biyo takalma ta karce mana tayal. Kin manta dutsen da ya tashi ya fasa wa mutum gilashin mota?"

Ban manta ba, kuma abin da ya fi ba ni haushi ke nan, duk gaskiya ya faɗa. Na ce to a raba: a yi kwalta, amma a bar ɗan zirin tsakuwa a mashiga da kuma gaban rumfa. Ɗan kwangila ya yamutsa fuska ya ce tsakuwar za ta riƙa hawa kwalta tana cin gefenta, shi kuma ba zai sa sunansa a aikin faci ba. Sunansa! Ni ban ma riƙe sunan ba.

"To a tambayi mai wurin," na ce. "Yana nan a ƙofa, bai mutu ba."

Da na sani da ban faɗa ba. Yaya ya je ya kamo hannun Baba ya shigo da shi, ya zaunar, ya sa masa gutsuren kwalta a tafin hannu. Sai ya sassauta murya, irin wadda ake yi wa mara lafiya.

"Baba, kwastomomi suna kuka da ƙura. Amma Auta ta ce saboda kai a bar filin yadda yake. Idan ka ce a bari, an bari."

Ku ji fa yadda ya ɗora maganar. Wane uba ne zai ce e, a cuci shago saboda ni? Baba ya daɗe yana shafa gutsuren da babban yatsa.

"Ni me zan yi da tsakuwa?" ya ce. "Ku yi abin da ya dace da kasuwa."

"Baba, ba haka..."

"Uwata, bari. Yayanki ya yi magana."

Na fita na shiga ɗakin ajiya, na yi ta jibgar katifu da sunan kakkaɓe ƙura. Na yi fushi da Yaya, na yi fushi da mai sheƙin takalmi, na yi fushi da Baba kansa da wannan girman kan nasa da ba ya bari a ga yana buƙatar komai.

Aka kwashe tsakuwa a tifa, aka daddaɓe ƙasa, aka zuba kwalta, aka ja fararen layuka. Ba zan yi ƙarya ba, ya yi kyau. Yaya ya ɗauki hotuna ta kowace kusurwa, har da hawa kan rufin motarsa.

Ranar da muka sake buɗewa, Baba ya sa sabuwar riga. Na zaunar da shi, na shiga ciki, aiki ya sha kaina. Amma ta gilashi ina hango shi. Ya karkata kai wajen filin, hannayensa a kan gwiwa, a shirye. Mota ta shigo, ta tsaya, bai motsa ba. Ƙarar rufe ƙofa ma ba ta taimaka ba, don masu tsayawa a bakin titi ma ƙofa suke rufewa. Sau ɗaya ya ce "Sannu da zuwa" ga motar da ta tsaya a shagon maƙwabta. Daga nan bai ƙara ba.

Mutane kuwa, da suka ga tsoho a zaune shiru cikin baƙin tabarau, sai suka ɗauka barci yake. Suka riƙa wucewa a hankali, wai kar su tashe shi. Mai masauki da kanta ta ɗora yatsa a leɓe ta yi mini alama, ta raɓa shi sanɗa-sanɗa. Ina tsakiyar auna gado da wasu ma'aurata, na ce bari in gama in fita. Ban gama ba sai ga wasu.

Wajen azahar na samu na kai masa ruwa. Ya karɓi kofin, bai sha ba.

"Uwata," ya ce ƙasa-ƙasa, "ko mutane ba su san mun buɗe ba ne? Tun safe ban ji kowa ba. Kar Yayanki ya damu, ki ce masa ranar farko haka take."

A gabansa filin cike yake, babu wurin da za a sa ko babur. Sai ga Yaya ya fito yana share gumi, baki har kunne.

"Baba, ka ga aiki! Shago a cike tun safe, har layi ake yi!"

"A cike?"

"Maƙil! Har mai masauki ta zo ta tafi."

Baba ya sunkuya a hankali ya ajiye kofin a ƙasa.

"Ta zo," ya ce. "To, madalla."

Ya lalubi bango har ya samu sandarsa, ya miƙe.

"Uwata, kai ni gida. Gobe ma ba sai kin biyo ta wurina ba, ki wuce aikinki kawai."

"Baba, lafiya? Ko jikin ne?" in ji Yaya. Ya juyo gare ni. "Me kika ce masa kuma?"

Wallahi ban taɓa jin ina son marin babba ba sai ranar. Na kama hannun Baba, muka bi tsakanin motocin mutane zuwa tawa. Tun daga ranar bai sake taka shagon ba.