Abin da na gani a hanjin kifin Yaya

Kifin Yaya ya fara mutuwa ne wata biyu bayan ya koma jan ruwa daga rafin da ke bayan layin masu sana'a. Tarwaɗa yake kiwo a tankunan siminti huɗu. Kullum da safe sai ya kwashe matattu cikin bokiti. Da yake a ɗakin gwajin ruwa nake aiki, sai ya ɗauro min biyar a leda.

Na feɗe su. Hanjinsu cike yake da ɓarɓashin roba, shuɗi da ja, wasu ba su kai ƙwayar yashi ba. Da sakamako ya fito, na same shi yana wanke tanki.

"Yaya, abu biyu ne suka haɗu, roba da dalma. Da robar ce kaɗai, ko dalmar kaɗai, da ba su mutu da wuri haka ba. Amma dalmar na manne wa robar, robar ta kankare musu hanji, gubar ta wuce cikin jini."

"Ke, bar dogon turanci. Daga ina?"

"Robar daga injin Baba. Dalmar daga Mai Batir."

Baba surukin Yaya ne, uban matarsa, niƙa tsofaffin robobi yake yi. Mai Batir na jikin shagonsa, yana fasa batiran mota yana narka dalma. Kwata ɗaya suke zubar da ruwa, ita ke gangarawa rafin.

Yaya ya juya ya kalli ƙofar gida. Matarsa na da cikin wata bakwai, kuma kullum sai ya gasa mata kifin nan da hannunsa.

"Ita fa?"

"Sai an gwada jininta, Yaya. Tsaya mana!"

Ya riga ya suri bokitin. Na bi shi da gudu, takalmi a hannu.

A kan teburin Mai Batir ya juye matattun kifin. Mutumin ya dube su ya yi dariya. "To ai sun sha caji, me ya hana su tashi?"

Yaya ya rafka masa bokitin ƙarfen a baki. Haƙori biyu suka faɗo. Mai Batir ya rarumo guduma ya sauke masa a kafaɗa, na ji ƙarar ƙashi daga inda nake. Da hannu ɗaya Yaya ya shaƙo wuyan rigarsa, ya ja shi a ƙasa har bakin kwata, ya danna fuskarsa cikin baƙin ruwan.

"Sha! Sha abin da ka ba matata!"

Baba ya fito daga shagonsa da garin roba a gemu, ya riƙo Yaya ta baya. "Haba ɗana, kashe shi za ka yi?"

Yaya bai ko waiga ba, ya kai masa gwiwar hannu. Tsohon ya tafi da baya, ƙeyarsa ta daki bakin injin da ke ƙofar shagonsa. Jini ya biyo siminti. Sai a lokacin Yaya ya saki wuyan, ya durƙusa yana kiran "Baba, Baba". Mai Batir ya rarrafa ya ɗauko jarkar ruwan batir ya watsa masa a fuska. Ihun da Yaya ya yi har yau ina jin sa.

Mota ɗaya ta kwashe su ukun zuwa asibiti. Idon Yaya na hagu ya tafi, yanzu yana tsare yana jiran shari'a. Baba ya rayu, amma hannunsa na dama ba ya ɗaguwa. An rufe shagunan sati uku, Mai Batir ya sake buɗe nasa.

Matar Yaya ta koma gidansu jinyar ubanta. Ni na kai ta gwajin jini, aka sami dalma, likita ya sa ta a kan magani. A hanyarmu ta dawowa ta tsaya a gefen titi tana haki, ta ce, "Ƙanwata, me ya sa ba ni kika fara gaya wa ba?"

Na ce ban yi tunani ba. Ta gyaɗa kai, muka tsaya jiran mota.