Saiwar Kangon Gidan Su Nuala

Tun da aka binne matarsa Nuala, cikin Ultan bai sake zama daidai ba. 'Yarsu da ke birnin Galway ta kawo masa ƙwayoyin likita, suna kuma yi masa aiki, amma ba su ransa yake so ba. Shayin da Nuala ke dafa masa yake marmari, na saiwar dris, ƙayar nan mai baƙaƙen 'ya'ya da ke bin kowane shinge. Baƙi ne wuluk, ga bauri. Duk tsawon zamansu bai taɓa shan sa ba tare da mita ba.

Da kaka ta shigo, ya ɗauki shebur ya haƙo saiwar a bayan garken tumaki, ya wanke, ya busar a kan murhu, ya dafa. Kurɓa ɗaya ya yi ya ture kofin. Ya sa hularsa ya tsallaka gidan Delia, aminiyar marigayiyar, wadda suka taso ƙauye ɗaya.

"Ruwan wanke-wanke na dafa," in ji shi. "Me take ƙarawa ne?"

Delia ta dube shi ta saman tabarau. "Kai da ko ruwan zafi sai ka ƙona shi. A ina ka haƙo?"

"Bayan garke."

"Ai Nuala ba ta haƙar ta gidanka. Ƙauyenmu take zuwa, bayan dutse, kangon gidan mahaifiyarta."

"Duk nisan nan, ga ƙaya a ƙofar gida?"

"Ƙaya duk ɗaya ce, tsoho. Zama take zuwa yi."

Ultan ya tuna yadda Nuala take fita da kwando tun da safe, ta dawo da yamma hannuwa duk karce, ta ɗora tukunya ba ta ce uffan ba. Shi a zatonsa gajiya ce.

Washegari ya kama hanya da sandarsa, yana tafiya yana hutawa. Ƙauyen ya daɗe da watsewa, mutanensa sun ƙetare teku neman abinci. Gidan su Nuala ba rufi, ƙayar ta shiga ta taga ta cika ɗakin. Amma daga hanya zuwa ƙofa akwai 'yar siririyar turba da aka sassare, sabon tsiro ya fara rufe ta. Ya bi ta har bakin ƙofa, ya zauna a kan dokin ƙofar na dutse. Daga nan teku kawai ake gani. Ya so a ce Nuala tana gefensa ya tambaye ta me take kallo, wa take tunawa. Sai da sanyi ya shiga ƙashinsa sannan ya tashi ya yi haƙa.

Da saiwar ta bushe, gidan Delia ya kai ta. Ita ta dafa, ta zuba musu kofi biyu. Shekaru ke nan gwiwoyinta ba sa barin ta hawan dutsen.

"Rijiyar tana nan?" ta tambaya.

"Tana nan, da ruwa."

"Gidanmu fa, mai kallon nasu?"

"Bango ɗaya ya faɗi."

Ta gyaɗa kai, ta riƙe kofin da hannu biyu.

"Ba ni labarinta tana yarinya," in ji Ultan.

"Ta ina zan fara? Fitinanniya ce ta ƙarshe." Ta gyara zama, ta fara da ranar da Nuala ta saki akuyar limamin coci cikin lambun kabeji.