Ƙullin Da Ya Shiga Ta Taga

Malam Gwadabe mutumin Madabo ne, maɗinkin babbar riga, kuma in akwai abin da yake taƙama da shi bayan allurarsa, to sanin mutane ne. Kullum cewa yake labarin zuciya a tambayi fuska, shi kallo ɗaya zai yi wa mutum ya gaya maka na Allah ne ko ɗan hannu. Ya faɗi haka a shagonsu na Gwale har abokan ɗinkinsa sun haddace, in ya ɗauko sai su ƙarasa masa.

Shekarar da soja za su miƙa mulki ga farar hula, man fetur ya yi wuya a Kano. Bas ɗin da ke tasowa daga Jakara ta bi ta Goron Dutse ta zama sai mai rabo. Kafin ta gama tsayawa an yi mata caa a ƙofa, mai ƙarfi ya shige, marar ƙarfi ya koma gefe yana Allah ya isa. Mai kaya kuwa ya fi kowa shan wuya, don ba a kokawar ƙofa da hannu ɗaya. Sai mutane suka samo dabara. Ka zaga ta taga, ka miƙa kayanka ga duk wanda ya riga ka samun kujera, ka dawo ka yi kokawarka, in ka shiga ya miƙo maka abinka. Ba ka san shi ba, bai san ka ba. Haka kwanon abinci ke shiga, haka ƙullin goro, har jarirai an sha miƙawa. Gwadabe ma yana miƙa jakarsa kowace safiya, amma shi sai ya zaɓa: mai gemu da carbi, ko dattijuwa mai lulluɓi.

Ranar wata Talata ba jaka ya ɗauko ba. Babbar riga ce ta farar shadda, mai aikin aska takwas, wata uku yana kanta har idanunsa suka fara ruwa. Ta Alhaji Ɗanjuma ce, sabon kansila, wanda za a rantsar jibi, kuma ya riga ya gaya wa duk Gwale cewa ɗinkin Gwadabe zai sa. In rigar nan ta sami matsala, babu hannun da zai ɗinka wata a kwana biyu, sunan da Gwadabe ya yi shekara talatin yana ginawa kuma ya tafi ke nan. Matarsa Hajo ta naɗe ta a cikin wankakken zanenta, ta ƙulle bakin sau biyu.

Bas ta iso, ya zaga ta taga. Ya duba bai ga gemu ba, bai ga carbi ba. Hannu ɗaya ne a waje, kaushi duk ya cinye shi, mai shi kuma wani baƙin mutum ne da gammo a kafaɗa da koɗaɗɗiyar 'yar shara, kana gani ka ga ɗan dako daga ƙauye.

"Malam, kawo in riƙe maka," in ji mutumin.

Gwadabe ya kalli fuskar, fuskar ba ta yi masa ba. Amma ana tura shi ta baya, kujeru na cika, sai ya cije ya miƙa. A bakin ƙofa wani ya take masa takalmi ya fita, ya sunkuya ɗauka, kafin ya ɗago kwandasta ya doki jikin mota ya ce, "Ta cika, mu je!" Ƙofa ta rufe. Gwadabe ya bi ta da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, hayaƙi kawai ya sha.

Salati ya fara, ya ƙare da zagin kansa. Ya tare ɗan acaɓa ya ce ya bi bas ɗin can ko za su mutu. Suna tafe yana ganin fuskar nan a ransa, kuma kowane taku sai ta ƙara muni. Ai dama ya gani! Ai idon mutumin bai tsaya wuri ɗaya ba! Kafin su kai gindin Goron Dutse ya gama yanke masa hukunci, har ya hango rigar a rataye a kasuwar 'yan gwanjo.

Sai ga mutumin a gefen titi, ya sauka daga mota, ƙullin a kansa, yana sassarfa. Gwadabe bai tsaya ya tambayi kansa ina ya nufa ba. Bai ma jira babur ya tsaya ba, ya diro yana nuna shi.

"Ɓarawo! Jama'a ɓarawo! Ku tare shi!"

Wannan kalma a bakin titin Kano ba ta jiran shaida. Mai faci ya taso da ƙarfen taya, mai rake ya zaro kara guda, masu shan shayi suka ajiye kofuna. An yi ruwa jiya, ƙasa duk caɓi. Mutumin ya faɗi a kan gwiwoyinsa, amma maimakon ya kare fuskarsa sai ya ɗaga ƙullin sama da hannu biyu. Duka na sauka a haƙarƙarinsa da bakinsa, shi kuwa ya ƙi sauke hannu. Gwadabe yana gefe yana cewa, "Kun gani ko? Har yanzu ya ƙi saki!"

Wata tsohuwa ce ta ratso taron da kwandon dafaffiyar gyaɗa a kanta, tana ture maza kamar kaji. Kande sunanta, ita ma daga motar ta sauka.

"Kai, ku ji tsoron Allah! Tanko kuke duka? Wane ne mai kayan?"

Gwadabe ya matso da ƙirji a gaba. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai ne? To wallahi tun daga Jakara bawan Allahn nan yake dukan jikin mota a tsaya, mai kaya bai shigo ba, direba ya yi kunnen uwar shegu. Da aka tsaya sauke ni ya diro. Kabuga za shi, motar siminti na jiransa, ya bar aikinsa na yau ya juyo da ƙafa zai kai maka. Kai ba ka ga inda ya fuskanta ba? Ɓarawo ne ke gudu ya nufi inda ya yi sata?"

Sai a lokacin Gwadabe ya duba. Jakara mutumin ya dosa. Mai faci ya ɓoye ƙarfensa a baya, mai rake ya koma kan baronsa, taron ya fara zarewa ɗaya-ɗaya, kowa na harararsa kamar ba da hannunsu aka yi ba. Kunya ta rufe Gwadabe tun daga kai har ƙafa, ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige.

Tanko ya miƙe da kyar. Leɓensa ya fashe, jini na ɗiga a 'yar shararsa, shi ya sa ya riƙe ƙullin nesa da jikinsa.

"Amshi, Malam, kada jini ya taɓa."

Gwadabe ya karɓa. "Ɗan'uwa, don girman Allah ka yafe ni. Zo mu je kemis a duba ka."

"A'a. Kwance dai ka duba."

"Haba, ba sai na duba ba."

"Kwance a gaban mutane. Kada in tafi a ce wani abu ya ɓace."

Babu yadda ya iya. A tsakiyar titi, a gaban Kande da sauran waɗanda suka rage, Malam Gwadabe ya kwance ƙullin Hajo, na farko da na biyu. Riga ta fito fara sol, ko ɗigon caɓi babu. Tanko ya gyaɗa kai, ya ɗauki gammonsa daga cikin laka, ya ce Allah ya yafe mu gaba ɗaya, ya juya yana dafe da haƙarƙari.

An rantsar da Alhaji Ɗanjuma, riga ta sha yabo, har mutum uku suka aiko a yi musu irinta. A shago aka ce, "Malam, yau ba a tambayi fuska ba?" Ya yi kamar zare ya sarƙe masa. Hajo ma bai gaya mata ba. Mako guda yana tafiya Gwale a ƙafa ta lunguna, yana cewa likita ne ya ce ya riƙa motsa jiki.

Da ƙafa ta gaza, ya koma Jakara. Bas ta iso, aka yi mata caa. Ga Tanko a bakin taga, kumburin leɓen ya saɓe, saura baƙin tabo. Gwadabe ya tsaya da jakarsa yana neman bakin gaisuwa, sai Kande ta wuce shi, ta sauke kwandonta ta ɗaga shi zuwa tagar kamar yadda ta saba.

Tanko ya kalli kwandon. Ya soke hannuwansa biyu a tsakanin cinyoyinsa.

"Tanko, karɓi mana, hannuna ya gaji."

"Ki yi haƙuri, Iya," ya ce, bai ɗago ba. "Na bar riƙe kayan mutane."

Motar ta cika ta tafi ta bar su. Kande ta aza kwandonta a ka, ta juyo ta dubi Gwadabe.