Bangon Yaya Kulu

Sakinatu na cikin mayar da kwanuka kan sabon kanta ta ji ƙugin lori daga bakin kanal ɗin ban-ruwa. Murfin da ke hannunta ya suɓuce ya faɗi ƙasa.

"Maliki, ga su Yaya Kulu nan fa! Jir ɗin ko bushewa bai yi ba."

Maliki ya fito daga bayan labule, farin jir, farar ƙasar shafen bango, har gwiwar hannu. "Kwayyis, ba komi, Gwaggo. Za ta ji daɗi, ki gani."

Sakinatu ta sunkuya ta ɗauki murfin. Shekara ashirin katanga ɗaya ce tsakaninta da Kulu, uwar Maliki, a wannan ƙauye na bayan Wad Haddad. Duk amaryar da aka kai ɗaki a nan, Kulu ce ta yi mata yaɓe da zane. Nata ɗakin kuwa mata har daga Dinder suke zuwa kallo: jar ƙasa da baƙa, zanen dagi da sawun tsuntsu da ta fitar da yatsunta, ga ƙananan tasoshi kafe a bango. Kowace kaka, in an gama tsinkar auduga, sai ta ƙara wani abu.

Kafin tari ya kwantar da ita, Maliki ya dawo daga aikin dam na Rusairis da mujallar Masar. A ciki akwai hoton falon wata shahararriyar mawaƙiya. Mata suka taru a kan tabarma suna santin labule da fitilun gilashi. Kulu ta kai hoton kusa da ido, ta daɗe tana dubawa.

"Baiwar Allah, ina taka aje kwanoninta? Bango fari fat sai ka ce isbitaliya. Kujerun ga ma ba a taɓa zama bisansu ba. Wagga ba ta da maƙwabta."

Aka yi ta dariya, ban da Maliki.

Da aka kwantar da Kulu a asibitin birni, likita, wanda a nan ake ce wa hakim, ya ce ƙura tana ƙara mata ciwo. Maliki ya sayo jir buhu biyu da yadin labule shuɗi, zai shafe bangon ɗakinta. Sakinatu ta so hana shi, amma da ta ga yadda idanunsa suka faɗa, sai ta karɓi tsintsiya ta taya shi. 

Da lorin ya tsaya, aka shigo da Kulu a kan angareb, gadon nan na igiya, maza huɗu na riƙe da shi. Ta rame ƙwarai. Tun a ƙofa ta buɗe hanci.

"Warin mi nika ji haka?"

"Inna, gyara na yi miki," in ji Maliki. "Hakim ya ce ƙura..."

Kulu ta bi bangon da ido, daga kusurwa zuwa kusurwa. Sakinatu ta raɓe jikin ƙofa, tana jiran kuka ko faɗa. Tsohuwar ta dubi ɗanta, ta dubi hannuwansa da jir ya ci har suka tsage.

"Allah shi yi ma albarka. Ya yi haske." Ta huta kaɗan. "Ku matsa min da gadon jikin bango."

Washegari da hantsi Sakinatu ta kawo kunu. Ta tarar da Kulu ta juya wa ƙofa baya, tafin hannunta a kan bango.

"Yaya, ki yafe min. Da ni aka yi."

"Na sani. Shafin nan na ƙasa naki na, ba ki taɓa iya riƙon tsintsiya ba." Ta yi 'yar dariya, tari ya sarƙe ta, har Sakinatu ta tallabe ta. Da ya lafa ta ce, "Kak ki gaya mai komi. Yaro ya ga abin da ya burge shi, ya kawo ma uwarshi."

Kwana uku ta yi a ɗakin. Sakinatu ba ta fita gona ba, motsi kaɗan ta leƙo ta katanga. Mata masu zuwa dubiya suna shiga su fito suna ƙus-ƙus, Maliki kuwa yana tsaye a tsakar gida yana karantar fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Ranar Laraba, ana kiran la'asar, Kulu ta cika.

Sakinatu da Ma'u matar liman suka yi mata wanka. Da Sakinatu ta ɗaga hannun dama za ta zuba ruwa, sai ta ga farcen cike da farin jir. Ta waiwaya wajen da gadon yake. Daidai inda kan Kulu ke kwanciya an kankare wuri kamar faɗin faifai, jar ƙasa ta fito, da sawun tsuntsu guda biyu.

A waje Maliki yana tambaya ko a shigo da likkafani. Sakinatu ta jawo shuɗin labulen ta rufe wurin, sannan ta ɗauki ɗan tsinke ta zauna tana fitar da jir ɗin daga farcen, yatsa bayan yatsa.